Wa Ya Kawo Yaron? Tambayar da Ya Kamata Sokoto United Ta Iya Amsawa

Duk lokacin da kakar wasa ta ƙare ba tare da Sokoto United ta haura zuwa babban rukunin ƙwallon ƙafa na ƙasa ba, muhawara iri ɗaya ce ke tashi a majalisun Mabera da Gawon Nama da bakin filin wasa na Giginya. Wasu su ce an yi watsi da 'yan gida an kwaso baƙi waɗanda ba su da kishin garin. Wasu su ce a'a, cusa 'ya'yan wane da wane ne ya hana a ɗauko ƙwararru daga ko'ina suke. Kowane ɓangare yana magana da yaƙini kamar wanda ya ƙirga, alhali babu wanda ya ƙirga. Tambayi mafi zafin baki a cikinsu: 'yan wasa nawa ƙungiyar ta ɗauka a shekara goma da suka wuce, nawa ne daga cikinsu suka taso a jihar, nawa ne suka kai kaka biyu, kuma wa ya kawo kowannensu? A nan zance ke mutuwa. Laifin ba na mai magana ba ne, domin babu wani kundi da aka shimfiɗa a gaban jama'a wanda zai duba.

Wannan rashi, a ganina, ya fi rashin kuɗi illa, duk da na san rashin kuɗi ne kowa ke kuka da shi. Ƙungiyar da gwamnati ke ɗauke da nauyinta da dukiyar talakawa, wajibi ne ta iya nuna wa talakawan nan yadda take zaɓen mutanen da take biya. In ba ta iya ba, to babu wanda za a yaba wa da hujja, babu wanda za a tuhuma da hujja, kuma wanda ya fi kusa da kunnen manya shi ne gwani.

Domin a ga abin da kundi ke iya yi, sai mu leƙa wani wasa da ba mu da shi, a ƙasar da ruwa ke daskarewa. A Amurka da Kanada, babbar gasar ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wato NHL, tana da ƙungiyoyi 32, kuma tun 1963 take gudanar da wani taro na shekara-shekara inda ƙungiyoyi ke zaɓen matasan 'yan wasa bi da bi. A yau zagaye bakwai ake yi. Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke samun damar farko, tare da 'yar ƙuri'a da ake jefawa a kan guraben sama don kada wani ya riƙa faɗuwa da gangan. Abin da ya dame mu a nan shi ne a bainar jama'a ake yin komai. Ana kiran sunan yaro, da ƙungiyar da ya fito, da lambar da aka ɗauke shi, a rubuta. Bayan shekara ashirin, ɗalibin sakandare ma yana iya zama ya bi sawun kowace ƙungiya ya faɗi irin idon da take da shi.

Dubi Detroit Red Wings. A zaɓen 1989 ta ɗauki wani ɗan Suwidin mai suna Nicklas Lidström a lamba ta 53, ta ɗauki Sergei Fedorov a lamba ta 74, sannan Vladimir Konstantinov a lamba ta 221. Biyun ƙarshe 'yan Tarayyar Sobiyet ne, a zamanin da babu tabbacin hukumomin ƙasarsu za su taɓa barinsu su fita. Fedorov sai da ya sulale daga tawagar ƙasarsa a Amurka a 1990. Lidström ya yi kaka 20 a ƙungiyar, ya karɓi kyautar gwarzon ɗan baya sau bakwai. Bayan shekara tara, a 1998, Detroit ta ɗauki Pavel Datsyuk a lamba ta 171, a 1999 kuma Henrik Zetterberg a lamba ta 210, wato bayan an wuce shi sau ɗari biyu da tara. Ƙungiyar ta ci kofi a 1997 da 1998 da 2002 da 2008, kuma ta shiga zagayen neman kofi kaka 25 a jere. Wanda ya jera waɗannan sunaye zai ga ɗabi'a ɗaya tana maimaita kanta: Detroit tana duba Turai a lokacin da sauran ke ɗari-ɗari da ita, kuma tana tsintar zinariya a zagayen da wasu suka riga suka naɗe tabarma. Har sunan mutumin da ke yi mata farauta a Turai an sani, Håkan Andersson, kuma an san waɗanne yara ne ya tsaya musu.

Kundin nan bai tsaya ga yabo ba, kuma a nan darajarsa take. Shi ne ya ba masu suka damar cewa: in da Detroit ta san abin da Datsyuk zai zama, me ya sa ta jira har zagaye na shida tana ɗaukar waɗanda yau ba a tuna sunansu? Ashe akwai rabo a ciki, ba gwaninta kaɗai ba. Shi ne kuma ya nuna yadda rijiyar ta ƙafe da sauran ƙungiyoyi suka cika Turai da nasu mafarautan, ga shi kuma Detroit ta sha sayar da gurabenta na zagayen farko don neman kofin yau. Daga 2017 har zuwa 2025 ba ta sake shiga zagayen neman kofi ba. Ita kuwa Edmonton Oilers ta samu lamba ta ɗaya a 2010 da 2011 da 2012 da 2015, amma ta yi kaka goma a jere, daga 2007 zuwa 2016, tana kallon zagayen kofi daga gida. Wanda ta ɗauka a 2012, Nail Yakupov, zuwa 2018 ya koma Rasha. Wanda ta ɗauka a 2015, Connor McDavid, ya kai ta wasan ƙarshe a 2024 da 2025. Magoya bayan Edmonton suna faɗa da shugabanninsu kamar yadda muke yi da namu, sai dai su da lamba da shekara suke faɗa.

Kada a fahimce ni baibai. Ba ina kira a kawo zaɓen bi da bi cikin ƙwallon ƙafar Nijeriya ba, kuma masu ba da wannan shawara ba su yi tunani mai zurfi ba. Tsarin can ya yiwu ne saboda gasar rufaffiya ce: babu mai faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni, babu mai haurowa, masu ƙungiyoyi abokan kasuwanci ne da suka amince su raba yara a tsakaninsu. Yaron da aka zaɓa ba shi da ta cewa a kan garin da zai je. A ƙwallon ƙafa kuwa kasuwa a buɗe take, yaron Runjin Sambo yana iya tafiya Kano ko Legas ko Kazablanka, kuma bai kamata a ƙwace masa wannan 'yanci ba. Abin aro shi ne rubutawa da bayyanawa, kuma wannan ba ya buƙatar ƙanƙara ko dala.

Abin takaici ma, ba sai mun je Kanada aro ba. A wannan gari ne aka yi malaman da suka ɗauki tambayar "daga wa ka karɓa?" a matsayin ginshiƙin ilimi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowane. Fiye da shekara ɗari biyu ke nan, kuma har yau ana iya bin sawun karatunsa malami bayan malami. Gidan Waziri ya riƙe wasiƙu da tarihin daula tun daga Giɗaɗo ɗan Laima har zuwa Waziri Junaidu, wanda cibiyar adana tarihi ta jiha ke ɗauke da sunansa. Garin da ya san wa ya koya wa wa nahawu a farkon ƙarni na sha tara, yau ya kasa faɗin wa ya koya wa ɗan bayansa tare ƙwallo a 2019. Wannan ba talauci ba ne, zaɓi ne.

Za a ce ai muna da namu hanyar tunawa, kuma gaskiya ne. Sunan Shago ya rayu ne saboda Ɗan Anace ya waƙe shi, kuma a Nijar masoya kokawa suna iya jero maka waɗanda suka ɗauki takobi tun daga Kantu na Maraɗi a gasar farko ta Tawa a 1975. Amma makaɗi gwarzo yake tunawa. Ba ya waƙe yaron da aka ɗauka da ɗoki aka sallama bayan wata huɗu, ba ya ambaton wanda aka mayar gida ranar tantancewa sannan ya je ya haskaka a wani gari. Wanda kuwa ke son gyara yadda yake zaɓe, kurakuransa ya fi buƙatar gani.

Ga Shehu Abdullahi, ɗan wasan da aka haifa a Sakkwato a 1993. A Kano Pillars sunansa ya fito, daga can ya tafi Kuwaiti, ya bi ta Fotugal da Saifurus da Turkiyya da Bulgeriya. Yana cikin tawagar da ta ciyo wa Nijeriya tagulla a wasannin Olamfik na Riyo a 2016, kuma ya buga wasan farko na Nijeriya da Kuroshiya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Duk Basakkwace yana alfahari da shi, kuma ya cancanta. Amma alfahari ba ya amsa tambayar da ta fi muhimmanci: shi kaɗai ne a tsararsa, ko kuwa akwai wasu biyar irinsa da suka ƙare a kan babur ɗin haya saboda babu idon da ya faɗa kansu? Jiha mai ƙananan hukumomi 23, daga Illela zuwa Tambuwal, daga Isa zuwa Kebbe, ko ana zuwa ganin yaran Wurno da Gwadabawa da Yabo, ko kuwa duk wanda bai iya kawo kansa Giginya ba ya tashi a tutar babu? Mai cewa ana zuwa da mai cewa ba a zuwa duk hasashe suke yi.

Yanzu ga maganar kuɗi, tunda ita ce garkuwar da ake ɗagawa. Hujjar ita ce ƙungiyar da ke fama da albashi da kuɗin motar zuwa wasan waje ba ta da sukunin ajiye takardu. Wannan hujja a kife take, domin takardun nan kuɗi ne. A dokokin hukumar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙungiyar wata ƙasa zuwa ta wata ƙasa yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da kashi 5 cikin ɗari na wannan kaso, takwas ɗin da suka biyo baya kowace tana da kashi 10. A ƙaddara an sayar da yaro a kan Yuro miliyan 2. Kason masu reno Yuro 100,000 ne. Ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 16 zuwa 18, kaka uku, tana da Yuro 30,000. Ƙaramar ƙungiyar unguwa da ta riƙe shi daga 12 zuwa 15 tana da Yuro 20,000. Kuma ba sau ɗaya ba ne, duk sayarwa irin wannan da aka sake yi sai an sake biya. Wannan daban yake da diyyar horarwa da ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru. Tun Nuwamba 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris da ke karɓar waɗannan kuɗaɗe yana rabawa, kuma da abu ɗaya yake aiki: tarihin rajistar ɗan wasa kamar yadda hukumar ƙasarsa ta shigar a kwamfuta. Shekarar da ba a rubuta ba, a wurinsu ba a yi ta ba. Kocin da ya yi shekara huɗu yana saya wa yaro takalmi da ruwan leda daga aljihunsa, in ƙungiyarsa ba ta da rajista kuma sunan yaron bai shiga ba, ko sisi ba zai gani ba.

Masu zaman kansu a kudu sun gane wannan lissafi. A Ikenne ta jihar Ogun, Kunle Soname ya gina Remo Stars tare da makarantar renon yara ta Beyond Limits, kuma a 2025 Remo Stars ta ɗauki kofin babban rukuni a karon farko. A gasar ƙungiyoyi takwas ta neman haurawa da aka yi a Inugu a 2024, wadda Sokoto United ta samu zuwa amma ba ta haura ba, ita wannan Beyond Limits, makarantar yara, tana cikin waɗanda suka yi fice. Wanda ya sa kuɗinsa yana son sanin wane mafarauci ne ke kawo masa riba, wane ne ke kawo masa 'yan uwan matarsa. Kuɗin gwamnati ne kaɗai ake kashewa ba a tambayi wannan ba.

Akwai kuma batun shekaru, wanda ba ma son a taɓo. A 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mata baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009 aka fara gwajin ƙashin wuyan hannu da na'ura a gasar 'yan ƙasa da 17. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar matasanmu suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu, mu da muka ɗauki kofin duniya na wannan rukuni sau biyar. Na'ura tana kama ƙarya a ƙarshen hanya. Yaron da aka rubuta sunansa da makarantarsa da ajinsa tun yana shekara 12 a wata ƙungiyar Arkilla, ba shi da inda zai ɓoye shekara huɗu daga baya, kuma ba ya buƙata. Wanda ƙaryar shekaru ta fi cuta shi ne yaro mai gaskiya ɗan 16 da aka haɗa shi tantancewa da magidanci.

Wani zai ce ai akwai rajista, babu ɗan wasan da ke shiga fili ba lasisi. Haka ne, amma lasisi amsar wata tambaya ce daban, wato wa ya halatta ya buga ranar Lahadi. Ba ya faɗin daga ina aka gano yaron, wa ya gan shi, sau nawa ya gan shi, me ya rubuta a kansa, nawa aka ba shi na sa hannu, wasa nawa ya buga, da wane dalili aka sallame shi, kuma ina ya nufa. Wani kuma zai ce bayyana irin wannan tozarta yara ne. Wannan damuwa tana da tushe, kuma maganinta mai sauƙi ne: bayanin lafiya da na albashin mutum ɗaya su zauna a ofis, na waɗanda ba su kai 18 ba a fitar da jimilla kawai ba suna. Amma sunan babban ɗan wasa da ƙungiyar da ya fito da yawan wasannin da ya buga ba sirri ba ne, dubban mutane sun gan shi a fili. Wanda bayyanawa za ta tozarta ba yaro ba ne. Babba ne wanda za a ga ya kawo mutum goma sha biyu a kaka uku, babu ko ɗaya da ya buga wasa biyar.

A nan ne nake zargin ainihin turjiyar take, kuma ba a Sakkwato kaɗai ba, a kusan duk ƙungiyar da gwamnatin jiha ke riƙe da ita a ƙasar nan. Hukumar gudanarwa tana zuwa da gwamnati tana tafiya da ita. Tun 1999 Sakkwato ta ga gwamnoni huɗu, Bafarawa da Wamakko da Tambuwal da Ahmad Aliyu, kuma babu wanda zai iya ɗora zamanin ɗaya kusa da na ɗaya ya ce ga yadda aka ɗauki 'yan wasa a nan, ga yadda aka ɗauka a can, ga wanda ya fi amfani. Sabon shugaba yana tarar da allo a wanke, ya kira tantancewa, ɗaruruwan matasa su cika fili, a duba kowane na 'yan mintoci a cikin zafin rana, a zaɓa. Ko ƙwararren koci na duniya ba ya gane ɗan wasa a minti ashirin. Abin da yake iya ganewa shi ne wanda aka riga aka raɗa masa sunansa. Mutumin kirki a cikin wannan tsari shi ma an cuce shi, domin in ya zaɓa da gaskiya babu shaidar da za ta bambanta shi da wanda ya zaɓa da takardar wani babba.

Aikin kansa bai fi ƙarfin ma'aikaci ɗaya da kwamfuta ɗaya ba. Sashen koyar da wasanni na kwalejin ilimi ta Shehu Shagari ko ɗaliban lissafi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna iya tono na shekarun baya daga takardun wasa da rahotannin gidan rediyon Rima, su mai da shi aikin kammala karatu. Marubuta labarin wasanni na jihar suna iya fara nasu ba tare da jiran izinin kowa ba, kamar yadda a can ma 'yan jarida da magoya baya ne suka fi bin diddigin zaɓen ƙungiyoyinsu. Amma nauyin farko yana kan majalisar dokokin jiha, domin ita ke amincewa da kasafin ma'aikatar matasa da wasanni kowace shekara. Ranar da kwamishina ya zo kare kasafinsa, kwamitin wasanni ya nemi takarda ɗaya kafin a ci gaba: sunayen duk waɗanda Sokoto United ta ɗauka a kaka uku da suka wuce, inda kowane ya fito, wanda ya ba da shawarar ɗaukarsa, wasannin da ya buga, da inda yake yanzu. In takardar ta zo, a liƙa ta a ƙofar Giginya. In ba ta zo ba, a ɗage zaman har sai ta zo.